Gaisuwar Da Ta Ƙi Ƙarewa

Shafi na 19

Masu aiko min saƙo tun safe wai kar in bari a raba Lubna da Abdullatif, ni ma da faɗuwar gaba na rubuta wannan. Ku matso kusa, ga shi ya iso Birchi.

*

A gindin tsamiyar da ke bakin gari Abdullatif ya kashe mashin. Bai sauka nan take ba. Sai da ya dafa tanki da hannu biyu, ya saki numfashi a hankali, sannan ya sauke ƙafa ɗaya. Kwaltar da ta taso daga Dutsin-Ma ba ta yi masa laifi ba. Guntun burjin nan da ruwan damina ya zaizaye, shi ne ya tuna masa cewa buhun masarar da ya ɗaga a shagon mahaifinsa bara har yanzu bai gama yafe masa ba.

Ya kira lambar Lubna. Ta yi ta ƙara, ba a ɗauka ba.

Yana sauke wayar sai ga kira da wata lamba.

"Yaya Latif, ni ce," ta faɗa ƙasa-ƙasa. "Da wayar Inna na kira ka."

"Ina taki?"

"Tana wurin Baba tun asuba. Wai caji. Ka san a ɗakinsa sola take."

"Cajin da ya kai la'asar? Waya ce ko batirin mota?"

"Don Allah ka bar wasa. Ni tun jiya ko tuwo na kasa haɗiyewa."

"Ai shi ya sa na taho. Faɗa min, me ya sa Baba ke nemana?"

 Yana jin kukan akuya da ƙarar taɓarya ta bayanta.

"Gwaggo Rabi ce."

Abdullatif ya runtse ido. Gwaggo Rabi yayar Malam Tukur ce, mahaifin Lubna, ciki ɗaya. Ita ta goya shi yana jariri, kuma har yau da furfurarsa ba a yanke magana a gidansa sai ta ɗora tata a kai.

"Ranar da ta je kasuwarku sayen wake," in ji Lubna, "ta leƙa bayan shagonku. Wai ta same ka kwance a tabarma tsakanin buhuna, gwiwa a ƙirji, wata mata a cikin waya tana ce maka ka ja numfashi."

Dariya ta kufce masa. "Ai da ta yi sallama da na shimfiɗa mata tata tabarmar."

"Dariya ma kake yi? Zuwa ta yi ta ce wa Baba mai ciwon baya ba mijin aure ba ne. Har da kawo maganar masu lasifikar nan na kasuwa, wai duk inda suka ce ciwon baya sai sun haɗa da... ni dai ba zan iya faɗa ba."

"Kar ki faɗa. Na san karatun nasu, a ƙofar shagonmu suke ajiye mota."

"Baba ya ce yau zai gan ka da idonsa. In ka tsuguna ka gaishe shi, ka miƙe tsaf kamar kowane namiji, magabatanka su zo a sa rana. In kuwa ya ga ka dafa ƙasa ko bango..."

Muryarta ta karye.

"Wai a bar maganar."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya kai hannu ya shafa ƙugunsa, kamar mai lallashin doki.

"Tsugunno kawai?"

"Kawai. Za ka iya, ko?"

"Watanni nawa na yi ina bin manhajar motsa jikin nan ta waya safe da yamma? Yanzu har buhun gero nake jujjuyawa. Lubna, bayan nan ke kika miƙar da shi. Ba don saƙonninki na tuni ba, da tun makon farko na watsar. Ke ce ƙashin..."

"Yaya Latif, yau ba na son baiti. Miƙewa nake so."

"To, ranki ya daɗe. Amma tsaya, ina da tambaya. Manhajar da na sa miki a wayarki da sunana don ki riƙa tuna min, kina taɓa ta?"

"Ni? In ta yi ƙara dai in turo maka saƙo. Me ya faru?"

"Likita Hussaina ce ta kira ni jiya, likitar gashin ƙashin da ke bibiyata ta ciki. Kin san kullum manhajar kan tambayi mutum yadda ya tashi, sai ya danna fuska, mai dariya ko mai kuka. Wai da asuba fuskar kuka nake dannawa, da hantsi kuma mai dariya. Ta ce ko dai bayana biyu ne, ko ni biyu ne."

"Wallahi ban taɓa dannawa ba."

"Shi ke nan. Wataƙila na'urarsu ce ta rikice."

"Ka taho, yana zaure tun ɗazu. Ni ina bayan katanga da ƙwaryar fura, in an tambaye ni in ce kawowa zan yi."

"Ki yi min addu'a."

"Tun jiya nake yi. Ka miƙe kawai."

*

Malam Tukur na zaune a kan buzu, ya jingina bayansa da bangon zaure, carbi a hannu, rediyo a gefe a kashe. Dogon mutum ne mai faɗin kafaɗa, irin manoman da ake nuna kunyarsu a koya wa yara noma. Ko a zaune yana da kwarjini.

Abdullatif ya cire takalmi tun daga waje. Ya yi sallama, ya shiga, ya tsuguna nesa kaɗan, kansa a ƙasa. Tsugunnon ya tafi sumul. A ransa ya ce alhamdulillahi, rabin aiki ya ƙare.

"Barka da yamma, Baba."

"Barka kadai, Audu. An zo lahiya?"

"Lafiya lau. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Ya mahaifin naka, Alhaji Rabo?"

"Yana lafiya, ya ce a gaishe ka."

"Ina amsawa. Ya kasuwa?"

"Mun gode Allah. Ya damina?"

"Ta yi kyau, sai fatan gamawa lahiya."

 Malam Tukur ya ja carbi, yana ƙare masa kallo tun daga hula har yatsun ƙafa.

"An ce min ba ka da lahiya."

"Na yi ciwon baya, Baba. Amma ina samun sauƙi sosai."

"An ce waya ke yi maka magani."

"Likita ce ta duba ni, ta tsara min motsa jiki. Wayar tana nuna min yadda zan yi, ita kuma likitar tana gani daga can."

"Hmm. Mu wanzami muka sani. Ya kafa maka ƙaho, ya zuƙe mataccen jini, gobe ka ɗauki garma."

"Haka ne, Baba."

Tambayoyi suka yi ta zuwa. Yadda abin ya faro, da ko yana hana shi sallah a tsaye, da ko a danginsu akwai mai irinsa. Abdullatif na amsawa a tsugune, ƙafafunsa sun fara ɗaukar zafi, ƙugun da burji ya jijjiga ya fara yi masa raɗa.

Can Malam Tukur ya ajiye carbi.

"To madalla. Na gan ka. Kana iya tahiya, ka gaida Alhaji."

A bayan katanga Lubna ta ƙanƙame ƙwaryar fura, ta rufe ido.

Abdullatif ya yi bisimilla a zuci, ya tattara ƙarfinsa a cinya, ya yunƙura.

Wani abu ya tsarga masa a ƙugu kamar an ja zaren buhu an ƙulle. Ko taki ɗaya bai ɗaga ba. Ya koma yadda yake, gumi ya feso masa a goshi. Hannunsa na dama ya nufi ƙasa da kansa, ya yi maza ya janye shi ya ɗora a gwiwa.

Malam Tukur na kallonsa.

"Baba..." Ya ƙaƙaro murmushi. "Ya shanu?"

"Shanu lahiya lau."

"Jan san nan da aka ce ya yi ɗingishi?"

"Ya warke tun watan jiya."

"Madalla, madalla. Ya gero? Ya fara fitar da kai?"

"Ya fara."

"Tsutsa ba ta taɓa masara ba dai bana?"

"Ba ta taɓa ba. Audu, rana na yi maka nisa, ga hanya ba kyau."

"Haka ne, Baba. Ya jikin Inna?"

"Lahiyarta lau. Ba ta yi ciwo ba."

"Allah ya ƙara lafiya. Ya kaji?"

Malam Tukur ya ɗaga gira. "Kajin ma?"

"Ai an ce ana ta murar kaji a wajen Rawayau."

"Namu ba su je Rawayau ba."

Lubna ta cusa bakin gyalenta a baki. Ta rasa kuka za ta yi ko dariya. Ta gane abin da ke faruwa tun daga shanu, zuciyarta kuwa bugawa take kamar ana sussukar dawa a ƙirjinta.

Abdullatif ya sake gwada wata dabara.

"Baba, ko za ka shiga ciki ka huta? Ni sai in tafi daga baya."

"A ina ka taɓa ganin mai gida ya tashi ya bar baƙo a zaure? Kai za ka fara."

"Ai ba zan iya miƙewa a kanka kana zaune ba, Baba. Rashin ladabi ne."

"Na yahe."

"Ni ban yafe wa kaina ba."

"Ikon Allah. Ladabin 'yan Dutsin-Ma har ya kai haka?"

"Tarbiyya ce, Baba."

Malam Tukur ya leƙa ƙofa. Inuwar darbejiya ta miƙe har ta tsallake hanya, magariba ta kusa. Ya dubi butarsa da ke can kusa da ƙofa, ya ɗauke kai. Ya ɗan gyara zama, ya cije leɓe, ya yi sauri ya mayar da abin tari. Shi ma goshinsa na naso, alhali iskar hadari ke kaɗawa.

Suka yi jugum, kowa na jiran kowa.

Sai wata murya ta mace, mai sanyi, ta cika zauren.

"Barka da yamma. Lokacin kula da bayanka ya yi. Nemi wuri shimfiɗaɗɗe..."

Abdullatif ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya mance bai kashe tunin yamma ba. Ya laluba aljihu ya danne wayarsa.

Muryar ba ta tsaya ba.

"...ka kwanta rigingine, ka saki kafaɗunka."

Ya sake dannawa. Wayarsa ta yi duhu, a kashe take.

A hankali ya ɗago kai, abin da bai yi ba tun shigowarsa.

Daga aljihun rigar Malam Tukur muryar ke fitowa.

Dattijon ya kai hannu ya dafe aljihun kamar mai kama ɓera. Ya danna wani wuri ta saman riga, muryar ta ƙara ƙarfi.

"Da asuba ka ce ciwon ya tsananta. Yaya kake ji yanzu?"

"Rediyo ce," in ji Malam Tukur.

Idanunsu duka biyu suka sauka a kan rediyon da ke gefe, a kashe, eriyarta a naɗe.

Abdullatif ya mayar da kansa ƙasa.

"Baba, ita irin wannan rediyon, ta gefen dama ake danne ta."

Aka danne. Zauren ya yi tsit, har ana jin ƙugin hadari daga gabas.

Lubna ta zame ta zauna a gindin katanga. Wayarta. Cajin asuba. Sandar da Baba ya fara riƙewa bana wai don macizai. Kujerar roba da ya sa aka kai masa ɗaki wai don baƙi. Hawaye suka cika mata ido, ta ce a ranta, wayyo Babana.

Abdullatif ya daɗe yana neman ta inda zai kamo maganar. Ba a duban idon suruki a ce masa ba shi da lafiya, balle wanda ya zauna zaman alƙali. Ya kafa wa tabarma ido.

"Baba, likitata tana cigiyar wani bawan Allah."

Malam Tukur ya ɗago ido. Abdullatif ya ci gaba.

"Wai kullum da asuba yana danna mata fuskar kuka da sunana. Ta ce in Allah ya sa na haɗu da shi, in gaya masa darasin da yake bi ba nasa ba ne."

Malam Tukur ya ɗauki carbi, ya ajiye.

"Shi bawan Allahn... me zai same shi in ya bi?"

"Ƙara masa ciwo zai yi. An tsara shi ne a kan jikin wanda ya daɗe yana yi, tun daga mai sauƙi ya hau. Shi kuwa ta sama ya faro. Kamar a ɗaura wa maraƙi garmar bijimi ne."

"Tsohon sa dai. Ba maraƙi ba."

"Tuba nake, Baba. Tsohon sa."

"Ai ya ga kamar magani magani ne. Wanda ya yi wa wani, zai yi wa wani."

"Ko takin zamani, Baba, na masara daban, na gyaɗa daban."

Dattijon ya gyaɗa kai a hankali. Ya rage murya.

"To in shi bawan Allahn ya ce ƙafarsa ta hagu kan yi masa kamar tururuwa na bi, tun daga ƙugu har diddige fa?"

"To kar ya sake yin ko ɗaya sai likita ta gan shi ido da ido. Wannan ba na waya ba ne tukuna. In ta duba shi ta ga ya dace, sai a buɗe masa nasa da sunansa."

"Da sunansa? Duk Birchi su gani?"

"Daga shi sai likita."

"Ko yayarsa ba za ta gani ba?"

"Ko yayarsa."

Malam Tukur ya saki wata doguwar ajiyar zuciya.

"Audu."

"Na'am, Baba."

"Tun azahar nake wurin nan. Na ce a shimfiɗa min buzu don kar ka same ni a kujera kamar tsohuwa. Na zauna, tashi ya gagara. La'asar ma a zaune na yi ta. In ba kowa, rarrafe nake in kama bango. Jira nake ka tahi."

"Ni ma, Baba, tun kafin shanu nake son tafiya."

Dattijon ya dube shi. Kafaɗunsa suka fara girgiza. Dariya ta ƙwace masa, ya dafe ƙugu yana yi yana cije baki.

"Kai, Audu, kar ka kashe ni. Har da kaji."

"Da rediyon nan ba ta yi magana ba, agwagi zan shiga."

"Ba mu da agwagi."

"Da na yi maka jajen rashinsu."

Lubna na share hawaye tana dariya ba sauti, furar har ta fara zuba a zaninta.

"Yanzu ya za mu yi?" in ji Malam Tukur. "An kusa kiran sallah. Mutane za su biyo ta nan."

"Akwai yadda aka koya min, ba darasi ba ne, dabarar tashi ce kawai. Amma sai an kwanta tukuna."

"A gabanka?"

"Zan rufe ido, Baba."

"Kai ka fara."

Abdullatif ya sa hannu biyu ya dafa ƙasa. Ya san abin da dafawar nan ke nufi, amma ya dafa. Ya sulale ya kwanta rigingine a kan tabarma, ya tanƙwashe gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa. Daga gefe ya ji motsin buzu, da nishi, da salati.

"Na kwanta."

"To a ja numfashi ta hanci, a sake shi a hankali. Kar a yi gaggawa. Bayan ne zai saki da kansa."

Suka yi ta numfashi, suna kallon azarar rufin zaure.

"Ka ga ya ɗan lafa," in ji Malam Tukur da mamaki.

"Haka yake yi."

Can dattijon ya sake magana, muryarsa ta sauya.

"Ka san abin da ya sa na ce sai na gwada ka? Ba don maganar masu lasifika ba. Bana Innarsu ce ke ɗaura min takalmi. Ita ke ɗauko min buta. Matar da ban taɓa bari ta ɗaga tulu ba. Nakan dube ta in ji kunya. Sai aka ce min wanda ke neman ɗiyata tun yana saurayi ya fara. Na ce ita kuma tun daga lalle za ta fara jinya?"

Abdullatif ya ji idonsa ya yi zafi.

"In ya tashi maka bayan aure fa, Audu?"

"Zai iya tashi, Baba. Ba zan yi maka ƙarya ba, ga shi yau ma ya tashi. Amma na san abin da zan yi masa, kuma ba zan ɓoye mata ba. Tun ranar da na ji ciwon ita na fara gaya wa."

"Ba ta guje ka ba?"

"Faɗa dai take min in na tsallake darasi."

"Halin uwarta." Ya juyo da kai ya dube shi. "Na ce in ka dafa ƙasa a bar maganar."

"Na ji, Baba."

"Ga shi kai ba dafawa kaɗai ka yi ba. Kwanciya ka yi."

Abdullatif ya kasa kunne. Zuciyarsa ta tsaya cak tana jiran sauran.

Malam Tukur ya buɗe baki ke nan, sai aka ji takun silifa a ƙofar waje.

"Salamu alaikum. Tukur, yaron ya zo kuwa? Na ce bari in biyo in ji yadda..."

Gwaggo Rabi ta tsaya a bakin zaure, ƙullin goro a hannu.

Ta dubi ƙanenta, magidanci mai jikoki, kwance rigingine gwiwa a sama. Ta dubi saurayin da aka kira a gwada, shi ma haka. Ta sake duban ƙanenta.

"Wa alaikumus salam, Yaya," in ji Malam Tukur daga ƙasa. "An wuni lahiya?"

"Rufin ne ke yoyo kuke dubawa?"

Ta matso kusa da su.

"Ina tambaya. A cikinku wane ne mai ciwon bayan?"

Abdullatif ya saci kallon dattijon. Ya ga yadda gemunsa ke rawa, ya ga mutumin da ya zauna tun azahar a kan buzu don kar a ga rarrafensa. Ya tuna Lubna a bayan katanga. Ya roƙi gafararta a zuci.

Ya mirgina ta gefe, ya tokare gwiwar hannu, ya tura jikinsa ya zauna. Ya durƙusa, ya kafa ƙafa ɗaya, ya dafa cinya, ya miƙe a hankali. Duk a gaban idonta.

"Ni ne, Gwaggo. Bayana ne ya riƙe da na tsuguna. Baba ya ga na ji kunya, shi ne ya kwanta yana taya ni."

Ƙwaryar fura ta kusa suɓucewa daga hannun Lubna.

Gwaggo Rabi ta tafa hannu sau ɗaya.

"To ka ji, Tukur. Da bakinsa, ba ni na faɗa ba. Yaro ɗanye sai ya yi birgima kamar jaki kafin ya tashi. Ai magana ta ƙare. Allah ya haɗa kowa da rabonsa." Ta juya ga Abdullatif. "Ba ƙinka nake ba, ɗan nan. Kana da kirki. Amma kirki ba ya ɗaukar buhu."

"Haka ne, Gwaggo."

"Kai kuma tayawar ta isa haka. Tashi ka sallame shi."

Malam Tukur bai motsa ba.

"Tukur, magana nake. Tashi mana."

Daga masallacin unguwa ladan ya fara gyaran murya a lasifika.

Dattijon ya dubi azara. Ya dubi yayarsa. Sannan ya mirgina ta gefe a hankali, daidai yadda ya ga an yi, ya tokare gwiwar hannu, ya tura. Ya zauna da ƙyar, yana haki. Daga nan abin ya tsaya.

Gwaggo Rabi ta saki baki.

Malam Tukur bai dubi bango ba. Hannunsa ya ɗaga sama, babban hannun nan mai kanta, ya miƙa wa Abdullatif.

"Yaya, ɗan matsa daga hanya," ya ce. "Surukina zai tashe ni."

Gwaggo Rabi ta ajiye ƙullin goron a ƙasa. Ta zare gyalenta daga kafaɗa, ta ɗaure shi tam a ƙugu.

"Maimaita in ji, Tukur. Wa ka ce?"